Bitar pyenv: yadda ake kafa shi da wuraren da yake tuntuɓe

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja da Python ya san ranar da ayyuka biyu za su haɗu a kwamfuta ɗaya, kowanne da sigar da yake so. Wannan tsohon aiki ne na zamanin 3.8, yana kiran `distutils` wanda aka cire ɗungurungum a 3.12. Wancan kuma sabo ne, ba ya tashi sai da 3.12 ko sama da haka. Python ɗin da ya zo da kwamfutar kuwa guda ɗaya ne tak: Ubuntu 22.04 da 3.10 ta zo, Debian 12 da 3.11, Ubuntu 24.04 da 3.12. Tun daga 3.9 ake fitar da sabuwar siga duk watan Oktoba, kuma kowace ana kula da ita har shekara biyar, don haka a kowane lokaci akwai sigogi wajen biyar da ake aiki da su. Wannan giɓin ne pyenv ya zo cikewa: kayan aiki ne da ke ba ka damar saka sigogin Python da yawa a kwamfuta ɗaya, ka zaɓi wadda kowane aiki zai yi amfani da ita.

Hanyar da mutane da yawa ke fara bi, wato sauya Python ɗin tsarin da hannu, ita ce mafi muni. A Ubuntu, kayan aikin tsarin da dama sun dogara da `/usr/bin/python3`. Ka karkatar da shi zuwa wata siga, sai ka fara ganin `No module named 'apt_pkg'`, wani lokaci ma taminal ɗin ya ƙi buɗewa. Shi ya sa daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 `pip`, mai saka ƙarin ƙunshi a Python, yake ƙin saka komai a Python ɗin tsarin, sai ya amsa da `externally-managed-environment`. pyenv ba ya taɓa wannan Python ɗin ko kaɗan. Komai nasa yana cikin folda ɗaya a gidan mai amfani, `~/.pyenv`, kuma aikinsa na yau da kullum ba ya neman `sudo`.

Asalinsa reshe ne na rbenv da ruby-build na masu harshen Ruby, Yamashita Yuu ne ya mayar da shi na Python. Kyauta ne, a ƙarƙashin lasisin MIT. Da harshen Bash aka rubuta shi, don haka ba ya buƙatar Python kafin ya yi aiki. Wannan shawara ce mai kyau, domin kayan aikin da zai gyara maka Python bai kamata ya mutu ranar da Python ya lalace ba.

Yadda yake aiki

Wanda ya fahimci wannan sashe, rabin matsalolin pyenv sun kau masa tun kafin su zo. Idan ka rubuta `python` a taminal, shel ɗinka, wato shirin da ke karɓar umarnin da ka rubuta (irin su Bash ko Zsh), yana bin jerin foldojin da ke cikin `PATH` daga hagu zuwa dama, wanda ya fara samu shi yake tayarwa. Abin da pyenv ke yi shi ne ya sa foldar `~/.pyenv/shims` a gaban jerin. A cikinta akwai ƙananan fayiloli masu suna `python`, `python3`, `pip` da sauransu, amma babu Python na gaske a cikinsu. 'Yan aike ne kawai. Kowanne aikinsa ya karɓi umarninka, ya tambayi pyenv wace siga ce ke kan aiki a nan, sannan ya miƙa umarnin ga ainihin fayil ɗin da ke `~/.pyenv/versions/`.

Wajen zaɓen sigar, matakai huɗu yake bi, kuma na farkon da ya samu shi ne hukunci. Yana fara duba saitin muhalli mai suna `PYENV_VERSION`, wanda `pyenv shell` ke sakawa don taminal ɗin da kake ciki kaɗai. In babu, sai ya nemi fayil mai suna `.python-version` a foldar da kake tsaye, wanda `pyenv local` ke rubutawa. In babu a nan, sai ya riƙa hawa sama folda bayan folda yana nema har ya kai tushe. In duk bai samu ba, sai ya karanta `~/.pyenv/version`, wanda `pyenv global` ke rubutawa. Idan shi ma babu shi, sai ya koma ga Python ɗin tsarin, wanda yake kira `system`.

Mataki na uku ne ke yawan ruɗa mutane. Wanda ya taɓa rubuta `pyenv local` yana tsaye a foldar gidansa ya bar `.python-version` a can, kuma wannan fayil ɗin zai rinjayi `pyenv global` a duk ayyukan da ke ƙarƙashin gidan. Sai mutum ya yi ta sauya `global` yana mamakin me ya sa ba abin da ya canza. Maganin tambaya ɗaya ce, `pyenv version`, ba tare da harafin s a ƙarshe ba. Ba sigar kaɗai yake faɗa ba, har da fayil ɗin da ya zaɓe ta. Wannan ɗan bayanin na cikin abubuwan da suka fi burge mu a tsarin pyenv, domin ba ya ɓoye dalilinsa.

Kafawa

A Linux hanya biyu ce. Ko ka kwafo shi kai tsaye:

`git clone https://github.com/pyenv/pyenv.git ~/.pyenv`

ko ka yi amfani da mai sakawa ta atomatik, `curl -fsSL https://pyenv.run | bash`, wanda ke haɗo maka da ƙarin kayan aiki irin su pyenv-virtualenv da pyenv-update. Mun fi son ta farko, saboda ka san abin da ya shiga kwamfutarka, kuma sabuntawa `git pull` ce kawai. A macOS, ga mai Homebrew (mai saka manhajoji ta taminal), `brew install pyenv` ya wadatar. Windows kuwa ba ya cikin lissafi. Akwai wani aiki dabam mai suna pyenv-win, wasu mutane ne ke kula da shi kuma halinsa ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke Windows yana son ainihin pyenv sai ya shiga ta WSL, wato Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows.

Kwafowa ba ita ce kafawa ba. Sai an gaya wa shel inda yake, da layuka uku:

```
export PYENV_ROOT="$HOME/.pyenv"
[[ -d $PYENV_ROOT/bin ]] && export PATH="$PYENV_ROOT/bin:$PATH"
eval "$(pyenv init - bash)"
```

Mai amfani da Zsh ya sa `zsh` a madadin `bash`, ya zuba su a `~/.zshrc`. Mai Bash ya sa su a `~/.bashrc`, ya kuma maimaita su a fayil ɗin da ake karantawa lokacin shiga, wato `~/.profile`, ko `~/.bash_profile` idan akwai shi, domin Bash ba ya kallon na farko matuƙar na biyu yana nan. Bayan haka a rufe taminal a sake buɗewa, ko a rubuta `exec "$SHELL"`.

A nan pyenv yake da laifin da ya kamata a faɗa. Waɗannan layukan sun sha canzawa. Da sigar 2.0 ta fito a 2021, an raba aikin gida biyu, `pyenv init --path` da `pyenv init -`, daga baya kuma aka sake sauƙaƙa shi. Sakamakon haka intanet cike take da bayanan da suka saɓa wa juna, kowanne daidai ne a zamaninsa. Kada ka haɗa layukan wurare uku a fayil ɗaya. Rubuta `pyenv init` shi kaɗai, zai nuna maka abin da ya dace da sigar da ke hannunka da shel ɗinka.

Kafin ka saka Python na farko

Ga CPython, wato Python ɗin da aka fi sani, pyenv ba ya sauko da shi gamamme. Tushen lambar yake saukowa, ƙunshi mai nauyin megabayit ashirin ko kusa da haka, ya tantance shi da lambar SHA-256 da ke rubuce a bayanin sigar, sannan ya harhaɗa shi a kwamfutarka. Ƙarfinsa ke nan, kuma daga nan ne mafi yawan kukan da ake yi da shi yake fitowa. Harhaɗawa tana buƙatar gcc da make, tana kuma buƙatar ƙunshin masu gini na kowane laburaren C da Python ke jingina da shi. A Debian da Ubuntu:

```
sudo apt install make build-essential libssl-dev zlib1g-dev \
libbz2-dev libreadline-dev libsqlite3-dev libffi-dev liblzma-dev \
libncurses-dev tk-dev xz-utils curl git
```

A Fedora da danginta sunayen da `-devel` suke ƙarewa: `openssl-devel`, `zlib-devel`, `bzip2-devel`, `readline-devel`, `sqlite-devel`, `libffi-devel`, `xz-devel`, `tk-devel`. A macOS a fara da `xcode-select --install`, sannan a saka openssl, readline, sqlite3, xz da tcl-tk ta Homebrew.

Abin da ya sa muke nanata wannan jerin shi ne halin Python idan ya rasa ɗayansu. Ba kowane rashi ne ke tsayar da ginin ba. Idan OpenSSL, laburaren tsare sadarwa ta intanet, ne babu, aikin yana tsayawa da saƙo ƙarara, `The Python ssl extension was not compiled`, kuma wannan rahama ce, domin ka san matsalar nan take. Amma idan sqlite ne, ko lzma, ko readline, ko tkinter, gargaɗi kawai zai wuce a allo cikin tarin rubutu, ginin ya kammala, pyenv ya ce an saka. Sai bayan mako biyu ka tayar da sabon aikin Django, wanda SQLite ne rumbun bayanansa na farko, ka ci karo da `No module named '_sqlite3'`. Rashin libffi kan fito da `No module named '_ctypes'`, rashin bzip2 da `_bz2`, rashin xz da `_lzma`. Rashin readline alamarsa ta bambanta: ka danna kibiyar sama a cikin Python, maimakon umarnin baya ya dawo sai ka ga `^[[A`.

Kuskuren da ake yawan yi bayan haka shi ne a saka ƙunshin da ya ɓace a zaci an gama. Ba a gama ba. An riga an gina Python ɗin babu wannan sashen, kuma `pip` ba zai iya ƙara shi ba tunda ba nasa ba ne. Dole a sake gini: `pyenv install -f 3.12`. Don haka bayan kowane sabon gini, kafin ka ɗora komai a kansa, gwada wannan layin:

`python -c "import ssl, sqlite3, bz2, lzma, ctypes, readline, zlib; print(ssl.OPENSSL_VERSION)"`

Idan ya buga sigar OpenSSL ba tare da ƙorafi ba, ginin lafiya lau ne. Mai buƙatar tagogin zane ya ƙara da `python -m tkinter`, ƙaramar taga za ta buɗe.

Saka siga kansa abu ne mai sauƙi. `pyenv install --list` yana nuna duk abin da ya sani, kuma jerin yana da tsawo ƙwarai, domin ban da CPython akwai PyPy, Miniconda, Miniforge, GraalPy da sauransu, har da sigogi masu harafin `t` a ƙarshe irin na 3.13 da aka gina ba tare da GIL ba, makullin da ke hana zaren aiki biyu gudanar da lambar Python a lokaci guda. `pyenv install 3.12` zai ɗauko ta ƙarshe da ya sani a wannan layin. Ginin yakan ɗauki mintoci kaɗan a kwamfuta mai ƙarfi, ya fi haka nesa a ƙaramar saba (server), kuma kowace siga tana cin ɗaruruwan megabayit a faifai. Daga nan sai `pyenv global 3.12`.

Akwai abu ɗaya da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: Python ɗin da pyenv ke ginawa kai tsaye bai kai na masu rarraba Linux sauri ba, saboda ba a kunna ingantawar da su suke kunnawa. Wanda sauri ya dame shi ya gina haka:

`PYTHON_CONFIGURE_OPTS="--enable-optimizations --with-lto" pyenv install 3.12`

Lokacin ginin zai ninka sau da yawa, domin sai an gina, an gudanar da gwaje-gwaje don auna inda aiki ya fi yawa, sannan a sake ginawa. Ga sigar da za ka yi shekara kana aiki da ita, jiran ya biya kuɗinsa. Ga wadda kawai za ka gwada ko lambarka na tashi a kanta, ɓata lokaci ne.

Idan ginin ya faɗi

Saƙon `BUILD FAILED` yana zuwa da layukan ƙarshe na rahoton, kuma sau da yawa ainihin dalilin ba ya cikinsu, yana can sama. Cikakken rahoton yana `/tmp` da suna mai farawa da `python-build`. Buɗe shi ka nemi kalmar `error` ta farko, ba ta ƙarshe ba; sauran duk 'ya'yanta ne. `pyenv install -v` kuma yana nuna komai yayin da yake faruwa.

OpenSSL ne kan gaba a masu kawo cikas, ta fuska biyu. Daga 3.10 Python ba ya karɓar abin da ya gaza OpenSSL 1.1.1, don haka a tsohuwar saba irin CentOS 7, mai 1.0.2, ginin zai faɗi ko da `openssl-devel` yana nan. Sai an saka sabon OpenSSL a wata folda dabam an nuna masa: `PYTHON_CONFIGURE_OPTS="--with-openssl=/opt/openssl --with-openssl-rpath=auto"`. Kashi na biyu na wannan layin ne ke sa Python ya tuna inda laburaren yake lokacin aiki. In babu shi, sai a gina lafiya amma `import ssl` ya faɗi. Ɗaya fuskar kuma ita ce tsohon Python a sabuwar kwamfuta. Sigogin da aka daina kula da su tun kafin OpenSSL 3 ya yaɗu, irin su 2.7 da 3.6, ba a rubuta su don shi ba, kuma sababbin gcc da clang sun fi tsanani a kan abubuwan da a da ake kau da kai. pyenv yana ɗauke da faci na wasu daga cikinsu, amma ba duka ba. Ra'ayinmu a nan a fili yake: idan aikin ya kai ga sai 2.7, wanda aka rufe babinsa tun 1 ga Janairun 2020, akwatin Docker, mai riƙe manhaja da duk abin da take buƙata a keɓe, ya fi kwanciyar hankali. Haka ma a Mac mai guntun Apple, inda tallafi ya fara daga 3.9.1, abin da ya girme ta sosai wahala ce.

Sauran dalilan gajeru ne. `definition not found` yana nufin pyenv ɗinka ya girmi sigar da kake nema, domin jerin sigogin a cikinsa yake, ba daga intanet yake karanto shi ba. Sabunta shi da `git pull` a cikin `~/.pyenv`, ko `pyenv update`, ko `brew upgrade pyenv`. Idan ya ce `/tmp` ba ya iya riƙe fayilolin da ake tayarwa, an ɗaura shi ne da `noexec`, abin da ake yawan yi a sabobin da aka tsaurara wa tsaro; ƙirƙiri wata folda ka rubuta `TMPDIR=$HOME/tmp` a gaban umarnin. Idan ginin ya mutu da kalmar `Killed` kawai, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ta cika; `MAKE_OPTS="-j1"` zai sa a riƙa harhaɗa fayil ɗaya a lokaci guda, kuma a cire `--with-lto` wanda ke da cin ƙwaƙwalwa. Inda intanet ke yankewa ko kuma babu ita, ƙirƙiri `~/.pyenv/cache` ka ajiye ƙunshin tushen a ciki da ainihin sunansa. Pyenv zai ɗauka daga can, kuma duk abin da ya sauko daga baya a nan zai adana shi, sake gini ba zai nemi sabon saukowa ba.

An saka, amma `python` bai canza ba

Wannan ita ce ƙorafi ta biyu mafi yawa, kuma kusan kullum maganar jerin `PATH` ce. Umarnin bincike shi ne `type -a python`. Layin farko dole ya nuna `~/.pyenv/shims/python`. Idan wani abu ne ya riga shi, to wani ya sha gaban pyenv, sai a nemo ko wane ne.

Idan `alias` ne, wato wani ya taɓa rubuta `alias python=python3` ko ya nuna wata folda kai tsaye, a goge shi, domin laƙabi yana rinjayar duk abin da ke `PATH`. Idan Conda ce, wata mai kula da sigogin Python da ƙunshinsa, layukanta na `conda init` suna tura foldarta gaba duk lokacin da aka buɗe taminal. `conda config --set auto_activate_base false` zai kwantar da ita. A Ubuntu akwai tarko mai laushi: `~/.profile` na asali yana fara karanta `~/.bashrc`, sannan ya ɗora `~/.local/bin` a gaban jerin. Idan akwai tsohon `pip` a can, sai `python` ya zama na pyenv amma `pip` na tsarin, ka saka ƙunshi ka kasa shigo da shi. Abin da ya sa ake maimaita layukan nan uku a ƙarshen `~/.profile` ke nan, kuma abin da ya sa `python -m pip` ya fi `pip` tsura aminci: wanda ya tayar da shi, shi zai karɓi kayan.

A macOS tarkon wani ne. Akwai ɗan shiri mai suna `path_helper` da ake tayarwa daga `/etc/zprofile`, yana sake jera `PATH` ya dawo da foldojin tsarin gaba. Wanda ya sa layukan pyenv a `~/.zshenv`, wanda ake karantawa kafin wannan, aikinsa zai rushe a shiru. Wurinsu `~/.zshrc` ne ko `~/.zprofile`.

Akwai kuma saƙon da ke cewa `python: command not found` sannan ya jera sigogin da suke da shi. Ba lalacewa ba ce. Ɗan aiken yana nan, amma sigar da ke kan aiki `system` ce, kuma tsarin ba shi da umarni mai suna `python`, sai `python3`; haka Ubuntu take, haka macOS ta koma tun da Apple ya cire Python 2 a 12.3. `pyenv global` da siga ta gaske ya magance shi. `shell integration not enabled` kuwa yana nufin layin `eval` bai gudana ba. Idan sabon umarni da ka saka ta `pip` bai bayyana ba, `pyenv rehash` zai ƙirƙira masa ɗan aike. Wani lokaci shi kansa wannan yana maƙalewa yana kukan makulli a `~/.pyenv/shims/.pyenv-shim`, saura ne na aikin da aka katse a tsakiya. Tabbatar babu wani pyenv da ke gudana, ka goge fayil ɗin. Idan duk an bi waɗannan ba a gano ba, `PYENV_DEBUG=1 pyenv version` yana buga kowane mataki da ya taka.

Dole a san iyakarsa a nan. pyenv na mutumin da ke zaune gaban taminal ne. Cron, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, ba ya karanta `~/.bashrc`, systemd mai tayar da hidimomin tsarin ma haka, `sudo` kuma yana da nasa `PATH` ɗin dabam. A irin waɗannan wurare kada a dogara da 'yan aike. `pyenv which python` zai ba ka cikakkiyar hanyar ainihin fayil ɗin, ita za ka rubuta. A VS Code da PyCharm ma gara a nuna musu Python ɗin keɓaɓɓen muhallin aikin kai tsaye.

Keɓaɓɓen muhalli, da abin da ke karyewa daga baya

pyenv sigar Python yake zaɓa, ba ya raba ƙunshin wannan aiki da na wancan. Wannan aikin `venv` ne. Tsarin da ya fi ƙarancin matsala shi ne: a cikin foldar aikin, `pyenv local 3.12`, sannan `python -m venv .venv`, sannan `source .venv/bin/activate`. Ƙarin pyenv-virtualenv yana kunna muhallin da kansa da zarar ka shiga foldar, abin da ke da daɗi, amma yana yin bincike duk lokacin da taminal zai nuna sabon layi, kuma ana jin nauyinsa a kwamfuta mai rauni. Ba dole ba ne. Ga masu gwada laburare a sigogi da yawa da tox ko nox, `pyenv local 3.12 3.11 3.10` yana sa `python3.12`, `python3.11` da `python3.10` su samu a lokaci guda, ta farkon ce ke amsa sunan `python`. A wannan aikin pyenv ba shi da wahala ko kaɗan.

A kula da abu biyu. Muhallin `venv` ba kwafin Python ba ne, nuni yake yi zuwa wanda ya haife shi a `~/.pyenv/versions/`, kuma hanyar tana rubuce a `pyvenv.cfg`. Ka cire 3.12.1 don ka saka 3.12.4, duk muhallin da aka gina a kan ta farko ya mutu, sai an goge shi an sake. Na biyu ya fi zafi saboda ba kai ka taɓa pyenv ba. Python ɗin da aka gina yana ɗaure da laburaren da ke kwamfutar ranar ginin. Ka ɗaga Ubuntu daga 20.04 zuwa 22.04, OpenSSL ya tashi daga 1.1 zuwa 3, libffi daga 7 zuwa 8, sai ka wayi gari da `libssl.so.1.1: cannot open shared object file`. A macOS, `brew upgrade` kan jawo irinsa da saƙon `Library not loaded`. Kada ka ƙirƙiri mahaɗin ƙarya mai tsohon suna yana nuni ga sabon laburare. Saƙon zai ɓace amma abin da ke ciki bai dace ba, kuma faɗuwar da za ta biyo baya ta fi wuyar ganowa. Sake gina sigar shi ne gyara. Kafin babban sabunta tsari, fitar da jerin ƙunshin kowane aiki da `pip freeze`, ka kuma rubuta abin da `pyenv versions` ya nuna.

Wa ya dace da shi

Kowane kira na `python` ta hanyar ɗan aike yana ɗan jinkiri, tunda sai Bash ya tashi ya yi bincikensa. Mutum ba zai ji shi a umarni ɗaya ba, amma rubutun da ke kiran Python sau ɗaruruwa zai ji. Kunna `venv` yana kawar da wannan, domin foldarsa tana shiga gaban ta 'yan aiken.

Yau pyenv yana da abokan gasa na gaske. uv na kamfanin Astral, wanda aka rubuta da Rust ya fito a 2024, gamammen Python yake saukowa cikin daƙiƙoƙi, babu harhaɗawa, babu jerin ƙunshin `-dev`, kuma yana karanta fayil ɗin `.python-version` iri ɗaya, don haka ƙungiya ɗaya na iya haɗa masu wannan da masu wancan. asdf da mise suna riƙe Python da Node da Ruby a wuri guda. Conda ta fi dacewa da wanda aikinsa ya dogara da manyan laburaren kimiyya da ba na Python kaɗai ba. Ga sabon mai koyo da kawai yake son siga ta zamani ya fara aiki, uv ya fi sauƙi, kuma ba mu ga dalilin tura shi ya yi fama da libffi a makonsa na farko ba.

Inda pyenv ya riƙe matsayinsa shi ne wurin wanda ke son iko a kan ginin: mai son zaɓen tutocin harhaɗawa, mai buƙatar Python ya ɗauru da OpenSSL ɗin tsarin da ake sabunta masa tsaro, mai gwada PyPy ko sigar da ba ta fito a hukumance ba, mai rubuta ƙari da harshen C da ke son ginin binciken kuskure ta `pyenv install --debug`. Kuma da yake rubutun Bash ne zalla, duk abin da ya ɗaure maka kai kana iya buɗe fayil ɗin a `~/.pyenv/libexec` ka karanta da idonka. A sabar da jama'a ke amfani da ita kuwa ba mu ba da shawararsa, saboda babu mai sabunta masa facin tsaro sai kai. `apt upgrade` bai san da zaman Python ɗin da ke `~/.pyenv` ba.

Wanda ya gwada ya ga bai yi masa ba, fita ba ta da wuya. A cire layukan nan uku daga fayilolin shel, a goge foldar da `rm -rf ~/.pyenv`, mai Homebrew ya ƙara da `brew uninstall pyenv`, a buɗe sabon taminal. Duk muhallin `venv` da aka gina a kan sigoginsa zai tafi tare da shi, don haka a fitar da jerin ƙunshinsu tukuna. Fayilolin `.python-version` da ke cikin ayyuka a bar su a inda suke, uv zai ci gaba da karanta su.